Mantuwa da nauyin hannu: Yadda ƙwayar HIV ke laɓewa a ƙwaƙwalwa ko ana shan magani

Saura kwana 6 Ƙaramar Sallah wani tela a unguwar Mabera da ke birnin Sakkwato ya yanka shaddar mutane yadi 10 a kan awon wani daban.

Ya fi shekara 20 a kan keke. A da ko littafi ba ya buɗewa. In ya auna mutum sau ɗaya, tsawon riga da faɗin kafaɗa da tsawon hannu duk sun zauna masa a ka. Ranar nan kuwa sai ya tsaya da almakashi a hannu, ya rasa shaddar wa ce a gabansa.

Ya biya kuɗin shaddar, mai ita kuma bai sake dawowa ba. Wannan ne karo na uku cikin wata biyu da ya yi irin wannan kuskure. Yaran shagonsa sun fara lura cewa zura zare a allura na ɗaukar masa lokaci, kuma yakan tambayi abu ɗaya sau biyu.

Telan, wanda ya roƙi a sakaya sunansa, yana ɗauke da ƙwayar HIV. Shekara 9 ke nan yana shan magani, kuma ban da matarsa da likitocinsa, mutum biyu ko uku kawai suka sani.

"Ƙanena, likita ya ce jinina ya yi kyau, ko an auna ba a ganin ƙwayar," in ji shi. "To mi as sami kaina?"

Tambayar tasa ita ce masana a duniya suka shafe shekaru suna neman amsarta. Abin da aka tabbatar zuwa yanzu shi ne, maganin rage kaifin cutar yana iya share ƙwayar daga jini har na'ura ta kasa ganinta, amma akwai sassan jiki da take laɓewa. Ƙwaƙwalwa na cikinsu.

Yadda take ƙetare katanga

Allah Ya yi wa ƙwaƙwalwa katanga ta musamman. Jijiyoyin jinin da ke cikinta a matse suke ƙwarai, suna tace abin da zai shiga, suna hana yawancin ƙwayoyin cuta da guba wucewa.

HIV ba ta fasa wannan katanga. Takan shiga cikin fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin garkuwar jiki kuma suna da izinin wucewa, su kuma su ƙetara da ita ba tare da sun sani ba. Kamar mai fasa-ƙwauri ne da ya ɓoye kayansa a motar jami'an tsaro.

Kuma da wuri take yin haka. Wani bincike da aka yi a ƙasar Thailand, aka wallafa a 2012, ya gano ƙwayar a ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa da laka kimanin kwana 8 kacal bayan mutum ya kamu. A wannan lokacin yawancin mutane ba su ma san sun kamu ba, balle a yi maganar magani.

In ta shiga, ba ta kama ƙwayoyin jijiya da muke tunani da su kai-tsaye. Wasu ƙwayoyi take kamawa da ake kira maikurogiliya, masu gadi da sharar ƙwaƙwalwa, da 'yan uwansu da ke zaune a gefen jijiyoyin jini. Takan dasa irinta a cikin ƙwayar halittarsu, ta yi lamo.

Matsalar ita ce waɗannan masu gadi suna da tsawon rai, sukan yi shekaru, kuma suna hayayyafa a inda suke. Maganin da ake sha yana hana ƙwayar HIV yaɗuwa zuwa sababbin ƙwayoyi, amma ba ya tumɓuke wadda ta riga ta dasa kanta. An kashe maciji ke nan ba a sare kansa ba.

Shaidar da aka samu

An daɗe ana zargin haka kafin a samu hujja mai ƙarfi, domin ba a iya yanko ƙwaƙwalwar mai rai don bincike kawai.

A 2019 wata tawaga da Farfesa Serena Spudich ta Jami'ar Yale a Amurka ke ciki ta duba ruwan lakar mutum 69 da suka shafe shekaru suna shan magani, jininsu kuma fes. An samu burbushin ƙwayar a ƙwayoyin ruwan lakar kusan rabinsu. Waɗanda aka samu burbushin a jikinsu sun fi sauran samun ƙarancin maki a gwajin tunani.

A 2023 kuma masu bincike a Jami'ar North Carolina suka yi aiki da ƙwaƙwalwar wasu masu ɗauke da cutar a birnin San Diego, waɗanda suka yi wasiyyar a yi bincike da gawarsu. Sun ci gaba da shan magani har kusa da ajalinsu. Duk da haka an ciro ƙwayar HIV daga maikurogiliyarsu, kuma da aka tayar da ita a ɗakin gwaji sai ta hayayyafa.

Illar da take yi wa tunani ta hanya biyu ce. Ƙwayoyin da ta kama sukan riƙa fitar da wasu sinadaran ƙwayar cutar masu guba ga jijiya. Sannan masu gadin sukan zauna cikin shirin yaƙi kullum, suna haddasa wani ɗan kumburi da ba ya lafawa. A hankali mahaɗan da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo ta cikinsu sai su raunana, saƙo ya riƙa tafiya da nauyi.

Akwai kuma tabon baya. Mutumin da bai fara magani ba sai da garkuwar jikinsa ta faɗi warwas, ƙwaƙwalwarsa na iya samun rauni tun wancan lokaci, wanda maganin yau ba zai goge shi duka ba. Bincike da dama sun nuna cewa iya yadda adadin ƙwayoyin CD4 na mutum ya taɓa faɗuwa, iya yadda haɗarin ke ƙaruwa.

Telan Mabera na cikin wannan rukuni. Sai da ya shafe watanni yana tari da rama, aka gano tarin fuka ne, sannan aka yi masa gwajin HIV.

Daga gushewar hankali zuwa mantuwa

A shekarun farko na annobar, lamarin ya fi haka muni nesa ba kusa ba. A 1986, shekarar da Najeriya ta sanar da samun cutar a karon farko, likitoci a birnin New York suka bayyana wani nau'in gushewar hankali da ke kama masu ƙanjamau. Mutum ya daina gane iyalinsa, tafiya ta gagare shi, ya kasa riƙe fitsari, cikin 'yan watanni ya rasu.

Zuwan haɗin magunguna masu ƙarfi a 1996 ya sa wannan nau'i ya yi ƙaranci ƙwarai. Sai dai tsugune ba ta ƙare ba.

A 2007 masana suka kasa matsalar gida uku: raunin da gwaji kaɗai ke nunawa, mai shi bai ma sani ba, raunin da ya fara taɓa aiki da harkokin yau da kullum, sai gushewar hankali mai tsanani.

Wani babban bincike a Amurka da ya ƙunshi mutum 1,555, wanda aka wallafa a 2010, ya samu rauni a kusan rabinsu. Yawancinsu 'yan rukunin farko ne, kuma kimanin kashi 2 cikin 100 ne kawai ke da mai tsanani.

A nan gida ma an duba. Wani bincike a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wanda ya fito a 2017, ya gwada mutum 418 masu shan magani, ya samu matsalar a kusan mutum ɗaya cikin biyar. Likitoci a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su ma sun wallafa nasu binciken a 2015.

Amma a yi hattara da alƙaluman nan. A 2023 wani gungun masana daga ƙasashe daban-daban ya yi gargaɗin cewa ma'aunin 2007 yana zuzuta yawan masu matsalar, har yakan iya sanya fiye da kashi 20 cikin 100 na masu cikakkiyar lafiya a sahun masu rauni.

Gargaɗin ya shafi wuri irin Sakkwato kai-tsaye. Yawancin gwaje-gwajen an tsara su ne don waɗanda suka yi boko, suka saba da biro da takarda da agogo. Mahaddacin Alƙur'ani ko ɗan kasuwar da ke lissafin miliyoyi da ka na iya faɗuwa a irin wannan gwaji alhali kansa garau yake. Shi ya sa masanan suka ce kada a dogara da maki kaɗai, a haɗa da abin da mutum da iyalinsa suka lura da shi.

Alamomin da ake gani

Wannan rauni ya bambanta da ruɗewar tsufa da aka saba gani. Abin da ya fi fitowa fili shi ne nauyi. Tunani ya yi nauyi, hannu ya yi nauyi.

Mutum zai ga ya kasa tattara hankalinsa a kan abu ɗaya. Ana magana zaren ya kuɓuce masa. Aikin da ke da matakai, kamar girki ko lissafin ciniki ko haɗa injin, ya riƙa rikice masa. Rubutunsa ya canza, ɓalla maɓallin riga ya zama aiki, wani lokacin tafiya ta riƙa yi masa tangaɗi.

Wasu kuma halinsu ne ke sauyawa. Mai fara'a ya koma shiru, ya daina zuwa majalisa, ya daina damuwa da abin da a da yake so.

A gidajenmu irin wannan sauyi yana da sunaye da yawa kafin a kai ga asibiti. Matar telan ta ce da farko ta ɗauka jifa ne daga abokan sana'a, ganin yadda shagonsa ya yi kasuwa. An yi rubutu, an yi hayaƙi, an yi ruƙiyya. Ba su taɓa faɗa wa likita ba, domin a ganinsu asibitin da yake karɓar magani na jini ne, wannan kuwa matsalar kai ce.

Haɗarin da ke cikin shirun nan babba ne. Mai mantuwa yakan manta shan magani. In ya riƙa tsallake kwanaki ƙwayar za ta farfaɗo, ta ƙara taɓa ƙwaƙwalwar, mantuwar ta ƙaru. Ta haka kuma ƙwayar kan koyi bijire wa maganin.

Wasu abubuwan da ke kawo mantuwa

Mai HIV da ya fara mantuwa bai kamata ya yanke hukunci cewa ƙwayar ce ba. Akwai dalilai da dama, kuma yawancinsu suna da magani.

Na farko shi ne ciwon damuwa, wanda ya yawaita a tsakanin masu ɗauke da cutar, musamman masu ɓoye sirrinsu shekara da shekaru. Yana kawo mantuwa da rashin barci da mutuwar jiki.

Hawan jini da ciwon suga suna lalata ƙananan jijiyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Yanzu da masu HIV ke kaiwa shekara 50 da 60, waɗannan cututtuka sun zama abokan tafiyarsu. Ƙarancin jini, tunjere da ya daɗe ba a yi maganinsa ba, giya, da ƙwayoyi irin su Tramadol duk suna taɓa tunani.

Har shi kansa maganin. Efavirenz, wanda aka daɗe ana bayarwa a Najeriya, an san shi da kawo jiri da munanan mafarkai da sauyin hali ga wasu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita haɗin da ke ɗauke da Dolutegravir, kuma yawancin masu shan magani a ƙasar nan an mayar da su kan ƙwayar TLD, guda ɗaya a rana. Ita ma takan hana wasu barci. Wanda ya ga haka ya gaya wa likita, kada ya daina sha da kansa.

Alamun da ba a kwana da su

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In garkuwar jiki ta faɗi, musamman in CD4 ya yi ƙasa da 200, wasu cututtuka kan afka wa ƙwaƙwalwa, kuma su ba sa jira.

Sakkwatawa sun san sanƙarau, ba a manta ɓarnar da ya yi a jihohin Zamfara da Sakkwato da Katsina a 2017 ba. Amma akwai wani sanƙarau daban da ke kama masu raunin garkuwa, wanda wata ƙwaya dangin funfuna mai suna kiriftokokas ke haddasawa. Ana samunta a ƙasa da kashin tsuntsaye, musamman tattabaru. Shi a hankali yake zuwa, da ciwon kai na kwanaki ko makonni. An ƙiyasta ya kashe mutum 112,000 a duniya a 2020, kusan kashi 19 cikin 100 na mace-macen da ke da alaƙa da ƙanjamau.

Tarin fuka ma yana hawa kai. Haka wata ƙwaya da ake ɗauka daga kashin kyanwa ko naman da bai dahu ba, wadda ke yin ƙurji a cikin ƙwaƙwalwa.

Ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka, zazzaɓi da sanƙarewar wuya, farfaɗiya ga wanda bai taɓa yi ba, shanyewar hannu ko ƙafa, ruɗewa farat ɗaya, gani biyu-biyu: duk wanda ya ga ɗaya daga cikinsu a kai shi asibiti a ranar. Kuma a gaya wa likitan da ke bakin aiki cewa yana da HIV, domin wannan bayanin ne zai nuna masa inda zai duba.

Halin da ake ciki a Sakkwato

Babban binciken ƙasa da aka yi a 2018, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya bayyana sakamakonsa a watan Maris na 2019, ya nuna kashi 1.4 cikin 100 na 'yan shekara 15 zuwa 49 ke ɗauke da cutar, jimillar masu ɗauke da ita a faɗin ƙasa kuma, yara da manya, kimanin mutum miliyan 1.9 ne. Arewa maso Yamma ce ta fi ƙaranci da kashi 0.6, Sakkwato kuma na cikin jihohin da ke can ƙasa.

Ƙarancin abin godiya ne, amma yana da nasa nauyin. Inda masu cutar ba su da yawa, kowa ji yake shi kaɗai ne. Akwai masu barin asibitin unguwarsu su tafi wani gari karɓar magani don kada a gan su a layi. Akwai masu juye ƙwayoyin a wani mazubi don kada a gane kwalbar. Dokar hana tsangwamar masu HIV ta 2014 tana nan, amma ba ta hana gulmar unguwa.

Ga wanda ke fama da wannan, ƙara masa sunan mai taɓin hankali kaya ne a kan kaya. Ambaton Kware kaɗai, inda Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya yake, yakan sa wasu su ja da baya, alhali likitocin irin wannan asibiti su ne masu duba ciwon damuwa da rashin barci da mantuwa.

Ana bayar da maganin HIV kyauta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na jiha da wasu asibitocin gwamnati. Abin da ya rage shi ne tambayar lafiyar tunani ta shiga cikin abin da ake dubawa a kai a kai, kamar yadda ake auna nauyi.

Hakan ba ya buƙatar na'ura. Akwai wani ɗan gwaji da aka wallafa a 2005 bayan an jarraba shi a Amurka da Uganda, wanda ba ya wuce 'yan mintoci. Za a faɗa wa mutum kalmomi 4 ya riƙe, a sa shi ya riƙa haɗa yatsu biyu da sauri, ya yi wasu motsin hannu a jere, sannan a nemi ya maimaita kalmomin. Maki 12 ne, wanda ya samu 10 ko ƙasa da haka sai a zurfafa bincike. Gwajin ba ya yanke hukunci, yana nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa ne.

In magani ya yanke

Duk wannan ya dogara ne da samun magani ba yankewa. A watan Janairun 2025 gwamnatin Shugaba Donald Trump ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, abin da ya girgiza shirin PEPFAR, wanda tun kafa shi a 2003 yake ɗauke da kaso mai tsoka na maganin HIV a Najeriya. A watan Fabrairu Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da Naira biliyan 4.8 don sayo ƙunshin magani 150,000.

Ga mai shan magani, wannan labari ne da ya shafi kansa. In aka daina sha, ƙwayar kan dawo cikin jini a 'yan makonni, daga maɓoyar da take. Haka ne ma ya sa duk mai cewa ya warkar da HIV da sassaƙe ko rubutu, ya kafa hujja da cewa gwaji bai ga ƙwayar ba, yake jefa mutane a halaka. Rashin ganinta a jini aikin maganin asibiti ne, kuma yana ƙarewa ne in an ajiye maganin.

Abin da ke hannun mutum

Har yanzu babu wata ƙwaya ta musamman da ke warkar da wannan rauni. An gwada ƙara wa masu matsalar wasu magungunan HIV a kan waɗanda suke sha, sakamakon da ya fito a 2023 ya nuna ƙarin bai gyara tunaninsu ba. Akwai dai 'yan ƙalilan da ƙwayar ke hayayyafa a ruwan lakarsu alhali jininsu fes, su kam sauya magani yana taimaka musu, kuma likita ne kaɗai zai gano haka.

Abin da aka tabbatar yana kare ƙwaƙwalwa shi ne gwaji da wuri da fara magani nan take. Tun 2016 Najeriya ta koma tsarin bai wa duk wanda aka samu da ƙwayar magani ba tare da jiran garkuwarsa ta faɗi ba. Ga mai juna biyu, gwaji a wurin awo yana kare jariri, wanda ƙwaƙwalwarsa mai tasowa ta fi ta babba saurin illatuwa.

Bayan haka sai shan magani kullum a lokaci ɗaya, gwajin yawan ƙwayar a jini aƙalla sau ɗaya a shekara, auna hawan jini da suga, isasshen barci, motsa jiki, da barin taba da ƙwaya. Mai azumi ya tattauna da likitansa a mayar masa da lokacin sha zuwa dare. Mai mantuwa kuma ya samu mutum ɗaya da ya amince da shi, wanda zai riƙa tuna masa, ya kuma raka shi asibiti ya faɗi abin da ya gani.

Matar telan ce ta yi wannan. Bayan Sallah ta ce masa, "Malam, wannan karon tare za mu, ni zan yi bayani."

Da aka auna shi sai aka samu jininsa ya hau sosai, bai taɓa sani ba. Likitan ya kuma gano alamun ciwon damuwa. Da aka ƙirga ƙwayoyin da suka rage a kwalbarsa, sai ga na kwana 11 da bai sha ba cikin wata uku, shi kuwa ya rantse bai tsallake ko ɗaya ba.

Yanzu yana shan maganin hawan jini, yana ganin likitan ƙwaƙwalwa. Matarsa ke miƙa masa ƙwayar HIV da hannunta in ya dawo daga sallar Isha'i, wayarsa kuma tana ƙara a daidai lokacin. Barcinsa ya gyaru. Hannun dai har yanzu da sauran nauyi, zura zare ya bar wa yaran shago.

A kan teburin yankansa akwai sabon littafi mai bango ja. Kowace shadda da ta shigo sai ya rubuta sunan mai ita da awonsa a 'yar takarda, ya maƙala mata da allura kafin ya ajiye. Ranar da na je yana da ɗinki 14 a jere, ya ce tun Babbar Sallah bai sake yanka na wani a kan awon wani ba.